Shafin Bankin Duniya mai ba ƙasashe maki a kan haƙƙin mata: ga yanda na gan shi

Akwai wani shafi da Bankin Duniya ke gudanarwa a intanet mai suna Women, Business and the Law, kyauta ne, ba rajista ba biyan ko sisi, kana shiga ka zaɓi ƙasar da kake so sai ya zube maka abun da dokokin ƙasar suka ce a kan mace, tun daga ko za ta iya zuwa ta yi fasfo da kanta ba sai da sa hannun miji ko uba ba, har zuwa shekarun da za ta fara cin fansho. Ƙasashe da yankuna 190 ne a ciki, rahoton farko ya fito a 2010, kuma sun koma baya sun tono dokoki tun daga farkon shekarun 1970. Na jima ina amfani da shi, musamman in gardama ta kaure a kan matan wace ƙasa ce suka fi 'yanci, kuma bari in faɗi ra'ayina tun yanzu saboda mai gaggawa: wajen sanin abun da doka ta ce da lokacin da aka canza ta, ni dai ban ga na biyunsa ba. Amma makin nan da suke ba ƙasashe, wanda shi ne jaridu suka fi ɗauka suna kanun labarai da shi, shi ne abun da na fi rainawa a shafin gaba ɗaya.

Yanda suke aikin ba wuya. Shekara da shekaru tambayoyi 35 suke yi wa kowace ƙasa, kowace tambaya amsarta e ko a'a, an kasa su gida takwas: zirga-zirga, wurin aiki, albashi, aure, haihuwa da reno, sana'a da kasuwanci, dukiya, sai fansho. Lauyoyi da alƙalai da masu ƙungiyoyi sama da dubu biyu ne a ƙasashen ke amsawa, sannan ma'aikatan bankin su ɗauko dokar su duba ko haka ne. Tambayoyin irin su, shin mace za ta iya zaɓar inda za ta zauna kamar yanda namiji zai zaɓa? Za ta iya buɗe asusun banki, ta sa hannu a kwangila, ta yi rajistar kamfani ba tare da izinin kowa ba? Akwai dokar da ta ce dole ta yi wa miji biyayya? Za a iya korar ta daga aiki don tana da ciki? An hana ta aikin dare ko aikin ma'adinai? In an gama sai a haɗa a fitar da maki bisa 100.

Abun da ya fi burge ni, kuma shi ya sa nake komawa, shi ne ba sa ce maka e ko a'a su tafi su bar ka. Gefen amsar za ka ga sunan dokar da lambar sashen da suka dogara da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, domin yawancin gardamar da ake a kan matan wasu ƙasashe ji-ta-ji-ta ce kawai, wani ya ga bidiyo na minti ɗaya ya yanke hukunci a kan mutum miliyan ɗari, wani kuma ya ji a bakin wani da ya ji a bakin wani. Nan kuwa in ka ce a ƙasa kaza mace ba ta iya kaza, sai a ce maka to ga sashen, je ka karanta da kanka, in ma kana ganin sun yi kuskure ka san daidai inda za ka kama su.

Sai tarihin. Wallahi nan ne shafin ya fi daɗi, don in ka bi shekarun a hankali za ka ga ƙasashen da yau suke sama, jiya-jiyan nan suke inda suke zagin wasu. A Sifaniya sai 1975 aka soke dokar da ta ce matar aure sai da izinin miji za ta yi aiki ko ta buɗe asusu. A Jamus ta Yamma har zuwa 1977 doka cewa take mace za ta iya aiki ne kawai in bai ci karo da hidimar gida da ta aure ba. A Amurka sai 1974 aka yi dokar da ta hana banki ƙin ba mace bashi don ita mace ce ko don ba ta da aure. Suwizalan kam abun nata ya fi ban mamaki, mata ba su samu damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1971, miji ne shugaban gida a doka har sai da sabuwar dokar aure ta fara aiki a 1988, kuma akwai wani ƙaramin yanki, Appenzell Innerrhoden, da mazansa suka kafe suka ƙi ba mata ƙuri'a a harkokin yankin har sai da kotun tarayya ta tilasta musu a 1990. Faransa ma da ake ta yabo, 1965 ne matar aure ta samu damar yin aiki da buɗe asusu ba izinin miji, wato akwai tsofaffi da ransu yau a Faris da suka yi aure a ƙarƙashin waccan tsohuwar dokar. Duk wanda ke cewa wai wasu al'ummai haka Allah ya yi su da mutunta mace wasu kuma haka ya yi su da danne ta, ya zauna da waɗannan shekarun tukuna. Haka shi ma mai cewa ai doka ba ta canzawa, al'ada ce ba a taɓa ta, to Turawan ma al'ada suke kira lokacin.

Kuma canjin ba a Turai kaɗai yake ba. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta gyara dokar iyali a 2016, matar aure ta daina neman izinin miji kafin ta sa hannu a kwangila ko ta buɗe asusu. Gabon ta cire maganar biyayya da maganar miji shi kaɗai ne shugaban gida a 2021. Rasha tana da jerin sana'o'i 456 da aka hana mata, har da tuƙin jirgin ƙasa, a 2021 aka rage su zuwa 100. Saudiyya ta bar mata su yi tuƙi a watan Yunin 2018, a 2019 kuma mace mai shekara 21 ta samu damar yin fasfo ta yi tafiya ba sai da yardar waliyyi ba, shi ya sa a rahoton 2020 ita ce ƙasar da makinta ya fi na kowa tashi. Irin wannan bin diddigi, in da mutum shi kaɗai zai yi, sai ya shekara yana neman dokoki cikin harsunan da bai ji.

Akwai ma wata tambaya da ta sa na ce lallai masu tunani ne suka tsara abun. Ba su tsaya ga ko akwai hutun haihuwa mai albashi na mako 14 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa, sun ƙara da tambayar wa ke biyan kuɗin. In gwamnati ce ko asusun inshora, ƙasa ta ci makin, in kuwa an ɗora wa mai kamfani, ta rasa. Da farko mutum zai ce to meye bambanci tunda kuɗin dai ya shiga hannunta, amma ka yi tunani, mai ƙaramin kamfani da ya san shi zai biya albashin wata uku ga wadda ba ta zuwa aiki, in 'yan neman aiki biyu suka zo, budurwa da saurayi, wa zai ɗauka? Ba zai faɗa ba, kawai zai ce mata za a kira ki. Haka maganar hutun uba, Suwidin tana ba iyaye kwana 480 su raba, amma kwana 90 na kowanne ba a iya miƙa wa ɗayan, in uban bai ɗauka ba sun faɗi, dalili kenan da mai ɗaukar aiki a can bai da tabbas cewa namijin ma ba zai ɓace masa na watanni ba.

To yanzu makin. A rahoton 2023 matsakaicin duniya 77.1 ne, ƙasashe 14 kuma suka ci 100 cif, cikinsu akwai Beljiyam, Kanada, Denmark, Faransa, Jamus, Girka, Ayislan, Sifaniya da Suwidin. Ɗari bisa ɗari fa, wato a takarda ba sauran bambanci. A watan Oktoban wannan shekarar ta 2023 ɗin, ranar 24 ga wata, matan Ayislan suka ajiye aiki na yini guda cur, na ofis da na gida, saboda gibin albashi da cin zarafi, har firaministarsu ta lokacin Katrín Jakobsdóttir ta shiga yajin aikin. Ƙasar da aka ba 100 kenan, kuma ƙasar da a 2018 ta fara tilasta wa kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama ya kawo shaidar cewa yana biyan mace da namiji daidai. In su ba su yarda sun kai ba, wane ne zai zauna a hedkwatar bankin a Washinton ya ce sun kai? Sannan ka dubi ɗaya gefen, lokacin da makin Saudiyya ke tashi, Loujain al-Hathloul da ta yi fafutukar a bar mata su yi tuƙi tana kurkuku, an kama ta a watan Mayun 2018, makonni kaɗan kafin a ɗage haramcin, ba a sake ta ba sai Fabrairun 2021. Babu tambaya ko ɗaya a cikin 35 ɗin nan da za ta nuna maka wannan.

Gaskiya su ma sun gane, kuma na yaba musu da hakan. A 2024 suka sake tsarin, suka ƙara gida biyu, tsaron lafiyar mace, wanda ya haɗa da auren wuri da cin zarafi da dukan gida da kisan mata, da kuma kula da yara ƙanana, sannan suka fara duba ko akwai hukumomi da kasafi da hanyoyin kai ƙara da za su sa dokar ta yi aiki, suka kuma tambayi masana abun da suke gani a zahiri. Nan take 100 ɗin kowa ya zube, ba ƙasa ko ɗaya da ta cika, matsakaicin duniya ya sauko zuwa kashi 64. Suka ce ƙasashe 98 suna da dokar biyan albashi daidai ga aiki mai daraja ɗaya, amma 35 ne kawai suka yi wani tanadi na bayyana albashi ko tilasta bin dokar. Togo tana cikin na gaba-gaba a Afirka kudu da Sahara da kashi 77 a takarda, amma a tanadin aiwatarwa kashi 27 take da shi. Kaga kenan ƙasashen da aka yi ta tafa wa a 2023 ba abun da ya canza a cikinsu, ma'aunin ne aka canza, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙe makin da hannu ɗaya.

Babbar matsalar a wurina ita ce matar da suke aunawa. Don a iya kwatanta ƙasa da ƙasa sai suka ƙirƙiri mace guda: baliga, 'yar ƙasa, tana zaune a babban birnin kasuwanci, in tana da aure auren fari ne mai rajista kuma ita kaɗai ce a wurin mijin, addininsu ɗaya, in tana aiki kuma aikin albashi ne da doka ta sani. Na fahimci dalili, ba za ka iya auna mace biliyan huɗu ɗaya bayan ɗaya ba. Amma mata nawa ne a duniya suka yi kama da wannan? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce kusan kashi 60 na masu aiki a duniya ba a ƙarƙashin dokar ƙwadago suke ba, masu talla ne da 'yan aikatau da manoma da masu ɗinki a gida, su hutun haihuwa na mako 14 labari ne kawai. Ko a ƙasashe masu kuɗi wannan zaɓin birnin yana ruɗarwa. Amurka da dokar New York ake auna ta, ita kuwa jihar New York tana da hutun iyali mai albashi tun 2018, alhali dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta bayar ba albashi, mace a Texas ba ta da abun da ta New York ke da shi, amma launi ɗaya za ka gani a taswira. Indiya da Mumbai ake auna ta, mutum biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu.

Sannan dokar da aka rubuta kawai suke lissafawa, al'adar da ba a mai da ita doka ba ba ruwansu da ita, in kuma ƙasa tana da dokokin iyali daban-daban bisa addini sai su ɗauki ta masu rinjaye. To ai maganar mata da al'adu kusan duk a nan take. Mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra a Indunusiya, Musulmi ne masu riƙo, miliyoyi ne, amma gida da gonar dangi daga uwa zuwa 'ya suke bi, miji ne ke tarewa gidan dangin matarsa. Khasi na jihar Meghalaya a Indiya, 'yar auta ce ke gadon gida, yara kuma sunan dangin uwa suke ɗauka. Ba za ka ga ko alamarsu a shafin ba. A ɗaya ɓangaren kuma Indiya ta gyara dokar gadon Hindu a 2005 ta ba 'ya mace daidai da ɗa namiji a dukiyar kakanni, shafin ya ba ta maki, amma kowa ya san mata da yawa sa hannu suke yi su bar wa 'yan uwansu maza rabonsu don kar zumunci ya lalace, kamar yanda aka haramta kuɗin da dangin amarya ke ba ango tun 1961 amma har gobe ana bayarwa. Wato al'ada tana iya ba mace fiye da doka, tana iya ƙwace abun da doka ta ba ta, shafin kuma duka biyun bai gani.

Inda za a fi yin gardama da shi, kuma inda na fi daɗewa ina tunani, shi ne ma'aunin kansa. Tambayoyi da yawa suna ƙarewa ne da kamar yanda namiji yake yi. Duk inda doka ta bambanta mace da namiji, ko da wane dalili ne, maki ya tafi. Ɗauki gado. Ƙasar da ke bin rabon gado na Musulunci, inda ɗa ke samun rabon 'ya biyu kamar yanda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 11, a'a za a rubuta mata a tambayar gadon 'ya'ya, da ta gadon ma'aurata. Ba ƙarya suka yi ba, rabon ba ɗaya ba ne. Amma babu gurbin da za a rubuta cewa sadaki nata ne ita kaɗai, ciyarwa da tufatarwa da muhalli a kan miji suke ko da ta fi shi kuɗi, kuma dukiyarta tata ce aure bai haɗiye ta ba, abun da matar aure a Ingila ba ta samu cikakke ba sai da dokar 1882. Tsari ne mai ɓangarori da suka jingina da juna, aka ɗauko ɓangare ɗaya aka ce e ko a'a. Haka idda, tambayar ita ce ko mace tana da damar sake aure kamar namiji, duk ƙasar da ke da lokacin jira ga mace ta rasa makin, kuma ba ƙasashen Musulmi kaɗai ba, Japan ma tana da jiran kwana 100 har sai da ta soke shi a watan Afrilun 2024.

Sai dai fa masu kare kansu da wannan hujjar su ma kar su yi saurin murna. In ka ce an rage mata a gado ne don an ɗauke mata ciyarwa, to sai a tambaye ka wace kotu ce ke kamo mijin da ya gudu ya bar ta da yara, kuma cikin wata nawa? Mata nawa ne ko rabin da aya ta ba su ba su gani ba, gona tana hannun yayye maza shekara talatin ana cewa ba a raba ba tukuna? Shafin bai auna wannan ba shi ma, kuma ni a ganina wannan ya fi ɗaga hankali a kan bambancin da ya auna. Abun da ya yi mini amfani a nan shi ne ganin cewa ƙasashen Musulmin ma ba layi ɗaya suke ba. Turkiyya tun 1926 ta ɗauko dokar farar hula irin ta Suwizalan da gado daidai. Tunisiya ta hana auren mace fiye da ɗaya tun 1956, amma ƙudirin daidaita gado da shugaba Beji Caid Essebsi ya tura a 2018 bai zama doka ba har ya rasu a 2019. Maroko ta gyara dokar iyali a 2004 ta kai shekarun aure 18, ta sa gida a ƙarƙashin kulawar miji da mata tare. Duk mai cewa matan Musulmi kaza, ko don ya yaba ko don ya kushe, sai ka ce masa na wace ƙasa, a wace shekara.

Fansho ma haka. Ƙasar da ta bar mace ta yi ritaya kafin namiji rasa maki take yi, abun da mutane da yawa za su ɗauka gata ne. A Sin shekara da shekaru ma'aikaciyar masana'anta a 50 take ritaya, ta ofis a 55, namiji a 60, sai daga Janairun 2025 aka fara ɗagawa a hankali. Hujjar bankin ita ce wadda ta bar aiki da wuri ta tara kaɗan, ba ta kai manyan muƙamai ba, ga shi mata sun fi maza tsawon rai, sai ta ƙare tsufanta da ɗan abun da bai isa ba. Hujja ce mai ƙarfi, ni ta gamsar da ni, amma matar da ta shekara talatin a tsaye gaban inji tana kuma dawowa ta hau aikin gida ba lallai ta ce an yi mata adalci ba in aka ƙara mata shekara biyar don ƙasarta ta ci maki.

Abubuwan da babu su kwata-kwata kuma suna da yawa, tunda banki ne, idonsa a kan tattalin arziki yake. A cikin tambayoyi 35 ɗin babu ta makaranta, alhali a Afganistan tun 2021 aka rufe wa 'yan mata sakandare, a Disambar 2022 aka ƙara da jami'a. Babu ta mutuwa wajen haihuwa. Babu ta siyasa, don haka Ruwanda da ta zama ƙasa ta farko da mata suka fi yawa a majalisa a 2008, kuma har yanzu suna sama da kashi 60, ba ta samun komai a kan wannan. Dokar Japan da ta tilasta wa ma'aurata sunan iyali ɗaya, wanda kusan kullum matar ce ke barin nata, ita ma ba ta cikin lissafi don a rubuce ba ta ce mace ba. Mai neman waɗannan sai ya nemi wani wurin.

Ta fuskar amfani kuwa, yawancin abun da ke ciki da Turanci ne, Turancin lauyoyi ma, wanda ko mai digiri sai ya karanta sau biyu. Shafin kowace ƙasa yana da ɗan taƙaitaccen bayani da ake iya karantawa a waya, amma ainihin dukiyar tana cikin manyan fayilolin Excel da ake saukewa, masu layi dubbai, waɗannan kam sai da kwamfuta da haƙuri. Matar da aka kora daga aiki don tana da ciki, wadda ita ce ta fi kowa buƙatar sanin sashen dokar da ya kare ta, da wuya ta iso nan, in ta iso ma ba zai gaya mata ofishin da za ta je ba. An yi shi ne don ministoci da masu bincike da 'yan jarida, ba don ita ba.

Wani zai ce to a yarda da alƙaluman ma? Tambaya ce mai kyau, don a watan Satumban 2021 bankin ya rufe wani shahararren rahotonsa, Doing Business, bayan bincike ya gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe, cikinsu har da Sin da Saudiyya. Wancan daban wannan daban, amma darasin ɗaya ne, duk inda aka jera gwamnatoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, za su fara neman hanyar hawa. Kuma tunda tambayoyin a bayyane suke, gwamnati za ta iya yin abun ɗalibin da ya samu takardar jarrabawa tun kafin ranar, ta gyara daidai layukan da ake tambaya ta bar sauran yanda suke. Ko hakan ma dai wani lokaci riba ce, in mace ta samu fasfo ba izinin kowa, fasfon na gaske ne ko da don neman maki aka ba ta. Abun da ke kare shafin shi ne dai wannan lambar sashen da ke gefen kowace amsa, ƙarya tana wuyar ɓuya in an nuna maka inda za ka duba.

Ɗalibi mai rubutun kammala karatu, ɗan jarida, lauya, mai wa'azi ko mai shirin rediyo da zai taɓo maganar mata a wata ƙasa, ina ba shi shawara ya buɗe shi kafin ya buɗe baki, ya wuce lambar da ke sama ya gangara kan tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. In kuma dole sai ka ambaci maki, ka duba na wace shekara ne da wane tsari, domin na 2023 zuwa baya da na sabon tsarin 2024 ba a haɗa su, na sha ganin an ɗauko 77 na wancan an ajiye kusa da 64 na wannan ana cewa wai haƙƙin mata ya ja baya da maki 13 cikin shekara guda.